Auren Gida Ko Zaɓin Zuciya: Yadda Iyalai a Gombe Ke Daidaita Al'ada da Ra'ayin 'Ya'yansu

A gidaje da dama na birnin Gombe, da wuya a samu maganar da ke tayar da ƙura tsakanin iyaye da 'ya'ya kamar maganar wanda za a aura. Uba ya riga ya yi wa ƙaninsa alkawarin 'yarsa tun tana goye. Yarinyar ta girma, ta kammala jami'a, sai ta gabatar da wani wanda ba dangin iya ba na baba. Ko kuma saurayi ya samu aiki, ya ga wadda ta kwanta masa a rai, sai mahaifiyarsa ta tuna masa cewa akwai 'yar yayanta a Dukku ko Nafada da aka daɗe ana yi masa tanadi.

Irin wannan saɓani yakan ƙare ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku. Wani ya bi umarnin iyaye yana haɗiye baƙin ciki. Wani ya bijire, a shafe shekaru ba a ga-maciji. Wasu kuma su zauna su sasanta. A kowane hali abubuwa uku ne ke kan sikeli: zumuncin da aka gada kaka da kakanni, zaman lafiyar ma'auratan, da kuma lafiyar 'ya'yan da za su haifa.

Iyalan da suka fi samun mafita su ne waɗanda suka iya rarrabe abin da addini ya wajabta, da abin da dokar ƙasa ta tanada, da abin da al'ada ce kawai ta zo da shi.

Garin da ya tara jama'a

Tarihin Gombe ya taimaka wajen fahimtar dalilin da ya sa wannan muhawara ta yi ƙarfi a cikinta. Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa masarautar a zamanin jihadin da ya fara a 1804. Daga Gombe Abba aka mayar da hedikwatarta Nafada a 1913, sannan a 1919 Turawan mulkin mallaka suka dawo da ita Doma, inda birnin yake a yau. Layin dogo ya iso garin a 1963, cinikin auduga da gyaɗa ya jawo baƙi daga ko'ina.

Ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka ƙirƙiri Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, da ƙananan hukumomi 11. Ƙidayar 2006 ta nuna jihar tana da mutane sama da miliyan 2.3. An kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, sai Jami'ar Tarayya ta Kashere a 2011. Rikicin Boko Haram kuma ya sa iyalai da yawa daga Borno da Yobe suka yi ƙaura zuwa birnin, wasunsu suka zauna ke nan.

Sakamakon haka, a unguwanni irin su Jekadafari, Bolari, Pantami, Herwagana, Tudun Wada da Tumfure, Fulani da Hausawa suna maƙwabtaka da Tangale, Tera, Waja, Bolewa, Tula, Jukun da Kanuri, har da Yarabawa da Igbo. Yaran da iyayensu suka taso a ruga ko a ƙauyen da kowa ɗan uwan kowa ne, yanzu suna zama aji ɗaya da waɗanda harshensu da al'adarsu, wani lokaci har addininsu, suka bambanta. Da'irar waɗanda matashi zai iya gani ya so ta faɗaɗa ƙwarai, alhali ma'aunin da iyaye ke auna suruki da shi bai sauya da irin wannan sauri ba.

Hujjar iyaye

Auren zumunci, wanda ake kira auren gida ko tuwona maina, tsohuwar al'ada ce a tsakanin Fulani da Hausawa. Akan haɗa 'ya'yan wa da ƙani, ko kuma taubasai, wato ɗan mace da 'yar namiji, waɗanda dama akwai wasa a tsakaninsu. Kuskure ne a ɗauka cewa iyaye suna yin haka don son zuciya kawai, domin suna da dalilai masu nauyi.

Na farko shi ne dukiya. A wurin makiyayi, garke shi ne jari, shi ne gado, shi ne mutunci. Idan 'ya ta auri ɗan baffanta, shanun da za ta gada ba su fita daga zuriya ba. A birni, gida da gona da shago sun maye gurbin garke, amma lissafin bai canza ba.

Na biyu shi ne sanin asali. Iyaye sun san halin gidan da 'yarsu za ta shiga, sun san tarbiyyar yaron tun yana rarrafe. Uwar miji goggonta ce, don haka ana kyautata zaton ba za ta wulaƙanta ba. In an samu saɓani, dattawan gida ɗaya ne za su zauna a kansa.

Na uku shi ne sauƙi. Akan rage tsadar lefe da sauran hidindimu idan abin na gida ne. Sannan auren yana ƙara ɗaure 'yan uwan da zaman birni da neman abinci suka warwatsa.

Sai dai abin da ke ƙara wa auren gida ƙarfi shi ne kuma rauninsa. Idan auren bare ya mutu, gidaje biyu ne suka rabu. Idan na gida ya mutu, gida ɗaya ne ya tsage: wa da ƙani su daina gaisawa, a daina haɗuwa a suna da ta'aziyya. Tsoron wannan ɓaraka kan sa matar da ke shan wahala ta yi shiru tsawon shekaru, domin duk wanda za ta kai wa ƙara ɗan uwan mijin ne.

Kunya da fassarar shiru

A tsakiyar tarbiyyar Fulani akwai abin da ake kira pulaaku, wato tsarin ɗabi'un da ake sa ran kowane Bafulatani ya siffantu da su. Daga cikin ginshiƙansa akwai semteende, kunya da kamun kai. Munyal, haƙuri da juriya. Hakkiilo, hankali da hangen nesa. Da ngorgu, jarumta. Tasirin wannan tarbiyya ya ratsa gidajen Hausawa ma, kamar yadda kalmomin baffa, goggo da kawu suka shigo Hausa daga Fulatanci.

Kunya ita ce ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ita ce ke hana suruki cin abinci a gaban surukansa. Ita ce kuma ke hana budurwa ta ɗaga kai ta ce wa mahaifinta ba ta son wanda ya zaɓa mata. A nan matsalar take. Uba ya yi tambaya, 'ya ta sunkuyar da kai ta yi shiru, shi kuma ya tashi da yaƙinin cewa ta amince. Ita a zuciyarta ladabi ta yi. Watanni bayan biki sai ƙiyayyar ta bayyana ta hanyar yaji, ko rashin lafiyar da aka kasa gane kanta, ko gudu daga gida.

Tsohon tsarin bai bar wannan giɓi a buɗe ba. Kakanni, waɗanda ke wasa da jikoki, da goggo da kawu, su ne ƙofar da yaro ke bi ya isar da abin da ba zai iya furtawa a gaban iyaye ba. Zaman birni ya raunana wannan hanya. Magidanci yana zaune da matarsa da 'ya'yansa a gidan haya a Gombe, kaka tana can ƙauye, goggo tana aure a wata jiha. Kunyar ta biyo iyali birni, amma masu shiga tsakanin an baro su a baya.

Abin da matasa ke nema

Mafi yawan matasan da ke jayayya da zaɓin iyaye ba sa neman a yi watsi da al'ada ɗungurungum. Suna son albarkar iyaye, suna son baffanni su je neman aure, a kai gaisuwa, a sa rana, a ɗaura aure a gaban jama'a. Buƙatunsu sun fi karkata ga abubuwa kaɗan: a tambaye su kafin a yi alkawari da sunansu, a bar yarinya ta kammala karatu ko a rubuta sharaɗin ci gaba da shi, a duba hali da addinin mai nema kafin a duba ƙabilarsa, kuma a rage hidimar da ke jefa ango da iyayen amarya cikin bashi.

Akwai kuma batun asali da sana'a. Har yanzu akan samu gidajen da ke ƙin bayar da 'ya ga wanda kakanninsa mahauta ne, ko maroƙa, ko waɗanda aka taɓa bautarwa, ko da shi kansa likita ne ko malamin jami'a. Matasa da dama na kallon wannan a matsayin rashin adalci ga mutumin da bai zaɓi gidan da aka haife shi ba.

Muhawarar ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. Littattafan adabin kasuwar Kano sun daɗe suna tattauna ta, ciki har da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya taɓo auren tilas da cire yarinya daga makaranta. Abin da ya ƙaru a yau shi ne wayar salula da kafofin sada zumunta, waɗanda suka sa sanayya kan yi nisa kafin iyaye su san da ita.

Iyalan Kirista na Tangale, Waja, Tula da sauransu su ma suna da nasu nau'in wannan ja-in-ja. Akan cika sharuɗɗan gargajiya na dangin amarya, sannan a tafi coci, kuma kowane mataki yana da nasa buƙatu da kashe kuɗi. Auren da ya tsallaka ƙabila ko ɗariƙa kan gamu da turjiya a can ma.

Ina addini ya tsaya, ina al'ada ta fara?

Ga Musulmin Gombe, kamar sauran Arewa, mazhabar Malikiyya ce ake bi, kuma littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil su ne madogara a zaure da kotu. Malaman fiƙihu sun yarda cewa al'ada tana da matsayi a hukunci matuƙar ba ta ci karo da nassi ba. Saboda haka ba kowace al'ada ce abin zargi ba, kuma ba kowace ce wajibi ba.

Abubuwan da aure ke ƙulluwa da su sanannu ne: waliyyi, sadaki, siga da shaidu. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar shi ne rubu'in dinari. Lefe, kuɗin gaisuwa, gara, kamu da sauran shagulgula duk al'ada ce. Ana iya yin su, ana iya rage su, ana iya barin su, aure yana nan daram.

Auren ɗan baffa ko 'yar kawu halal ne, amma babu inda aka wajabta shi. Game da dacewar ma'aurata kuwa, Malikiyya ta fi sauran mazhabobi sassauci: abin da take dubawa shi ne addinin mutum da kuɓutarsa daga aibobin da ke hana zaman aure. Ba ta sanya nasaba ko sana'a cikin sharuɗɗan ba. Wanda ya hana 'yarsa auren mutumin kirki saboda sana'ar kakansa, al'ada ya bi.

Batun da ya fi sarƙaƙiya shi ne ijbari, ikon da mazhabar ta bai wa uba na aurar da 'yarsa budurwa. Malamai sun kewaye wannan iko da sharuɗɗa, babbansu shi ne kada a cutar da ita, kuma sun so uba ya nemi shawararta. A inda ake neman izinin budurwa, sun so a sanar da ita tun farko cewa za a ɗauki shirunta a matsayin yarda, domin kada kunya ta yi mata magana. Bazawara kuwa dole sai ta furta da bakinta. Hadisi ingantacce ya tabbatar da cewa Manzon Allah (SAW) ya warware auren Khansa'u bint Khidham, wadda mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba. Haka nan idan waliyyi ya dage wajen hana mace auren wanda ya dace da ita ba tare da hujja ba, alƙali yana da ikon shiga cikin lamarin.

Ita kanta masarautar Gombe ta samo asali ne daga yunƙurin gyara da ya tace al'adu. Shehu Usmanu ya yi rubuce-rubuce kan bidi'o'i da miyagun al'adu, kuma a Nurul Albab ya soki mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru domin karantar da matan karkara. Yarinyar da ke roƙon a bar ta ta ƙarasa karatu tana da madogara a cikin tarihin gidansu.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai yi gaba da al'ada ba. Sashe na 21 ya ɗora wa gwamnati nauyin karewa da bunƙasa al'adun Najeriya, amma ya ƙayyade su da waɗanda ke ɗaukaka mutuncin ɗan Adam. Sashe na 34 ya kare mutuncin mutum, na 38 ya ba da 'yancin tunani da addini, na 42 kuma ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, jinsi, addini ko yanayin haihuwa.

Dokar Shaida ta 2011 ta tanadi cewa kotu ba za ta zartar da al'adar da ta saɓa wa adalci da sanin ya kamata ba. A watan Afrilun 2014, Kotun Ƙoli ta soke al'adar Igbo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, bisa hujjar cewa ta ci karo da sashe na 42.

A ɓangaren shari'ar Musulunci, sashe na 277 ya bai wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha hurumin sauraron ƙararrakin aure, saki, riƙon yara da gado. A tsakiyar shekarun 1980, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa ta yanke wani hukunci da lauyoyi ke yawan kafa hujja da shi: uban da ya riga ya bai wa 'yarsa damar zaɓa tsakanin masu nemanta ya sarayar da ikonsa na ijbari, ba zai dawo daga baya ya aurar da ita ga wani ba da yardarta ba.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta haramta aurar da wanda bai kai shekara 18 ba, sai dai tana aiki ne a jiha idan majalisar jihar ta amince da nata nau'in, kuma jihohin Arewa da dama sun yi wa nasu gyare-gyare. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 ta haramta al'adu masu cutarwa. A watan Disamban 2022, Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya sanya hannu kan dokar kare yara da ta hana cin zarafi na Jihar Gombe.

Duk da haka, kaɗan ne daga cikin irin waɗannan rigingimu ke isa kotu. Kai mahaifi ƙara abu ne da mafi yawan 'ya'ya ba za su iya ba, ko da gaskiya tana gefensu. Amfanin sanin dokar shi ne ya nuna wa kowane ɓangare iyakarsa tun ana zaune a kan tabarma.

Gwajin jini: inda jayayya ke sauka kan hujja

Akwai wani fanni da ra'ayin uba ko na 'ya ba ya sauya komai a cikinsa, wato gadon cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kashi 24 cikin 100 na 'yan Najeriya suna ɗauke da ƙwayar cutar, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a ƙasar duk shekara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 19 ga Yuni domin wayar da kai a kanta.

Yadda gadon ke tafiya a fili yake. Kowane mutum yana karɓar ƙwayar halitta ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AA ba ya ɗauke da cutar. Mai AS yana ɗauke da ita amma galibi lafiyarsa ƙalau, shi ya sa da yawa ba su san matsayinsu ba. Mai SS shi ne ke fama da ciwon. Idan AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi SS, kashi 50 a haifi AS, kashi 25 a haifi AA. Lissafin yana sabunta ne a kowane ciki. Ba daidai ba ne a ce cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai kamu. Ana iya samun uku, ana iya rasa ko ɗaya. Akwai kuma nau'in AC, wanda idan ya haɗu da AS kan iya haifar da SC, shi ma nau'i ne na cutar.

Auren zumunci ba shi ke ƙirƙirar sikila ba. Abin da yake yi shi ne ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ita, domin 'ya'yan wa da ƙani sun yi tarayya a kusan kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin halittarsu. Idan ana maimaita auren gida daga zuriya zuwa zuriya, tarayyar tana ƙaruwa, haka ma yiwuwar bayyanar wasu cututtukan gado da wannan gwaji ba ya nunawa. Amma a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ƙwayar, auren bare ma bai tsira ba. Gwajin ya hau kan zaɓin iyaye da zaɓin zuciya baki ɗaya.

Abubuwa uku ne ake yawan kuskurewa. Na ɗaya, gwajin ƙwayar halitta, wanda aka fi sani da jinotayif, daban yake da gwajin rukunin jini na A, B, AB da O. Na biyu, akan samu sakamakon da ba daidai ba, don haka ya fi kyau a yi gwajin a asibitin da aka amince da shi, irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha da ke Gombe, kuma a maimaita idan akwai kokwanto. Na uku, mai sikila ba abin gudu ba ne: idan ya auri mai AA, 'ya'yansu za su kasance AS, babu mai SS a cikinsu.

Lokacin yin gwajin shi ne ya fi komai muhimmanci. Idan aka bari sai an kai lefe an raba katin gayyata, kunya da asarar da aka yi kan sa a rufe ido a ce Allah zai kiyaye. Idan aka yi shi kafin manya su shiga magana, ana iya janyewa ba tare da kowa ya ji kunya ba. Coci-coci da dama sun daɗe suna neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, kuma a watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu kan dokar da ta wajabta gwajin jinotayif, ƙanjamau da ciwon hanta kafin aure a Jihar Kano.

Darasi daga Kudancin Indiya

Wannan taƙaddama ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A arewacin jihar Tamil Nadu ta Indiya akwai al'ummar Vanniyar, masu yawan gaske, waɗanda asalin sana'arsu noma ce, kuma kamar sauran rukunonin al'umma a ƙasar, sun fi son aure ya tsaya a cikin gida. A watan Nuwamban 2012, bayan wata budurwa daga cikinsu ta auri saurayi ɗan rukunin Dalit, waɗanda tsarin gargajiya ya ajiye a ƙasan kowa, mahaifinta ya rasu cikin takaicin lamarin, sannan gungun mutane suka ƙona gidajen Dalit sama da 200 a gundumar Dharmapuri. A watan Yulin 2013 aka tsinci gawar angon kusa da layin dogo. A 2018 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke cewa dangi ko majalisar dattawa ba su da ikon tsoma baki a auren baligai biyu da suka amince da juna.

Tsarin rukunonin Indiya ya sha bamban da zamantakewar Gombe, inda auratayya tsakanin ƙabilu ta daɗe da zama ruwan dare. Abin lura shi ne yadda maganar aure ɗaya ke iya zama rikicin al'umma idan aka mayar da zaɓin 'ya mace ma'aunin martabar ƙabila gaba ɗaya.

Hanyoyin da ke kai wa ga sasantawa

Daga abin da fiƙihu da doka da likitanci suka nuna, ana iya fitar da wasu matakai da ke rage ɓaraka.

Na farko, iyaye su guji yin alkawarin aure da sunan yaran da ba su mallaki hankalinsu ba. Nuna sha'awa daban, ɗaukar alkawari daban. Alkawarin da aka yi a gaban dangi shi ne ke zame wa uba ƙaya daga baya, ya rasa yadda zai janye ba tare da an ce ya yi magana biyu ba.

Na biyu, a dawo da masu shiga tsakani. Idan kaka da goggo sun yi nisa, malamin Islamiyya, limamin unguwa, fasto ko aminiyar uwa na iya jin ta bakin yarinya a keɓe. Ba a tambayar budurwa a gaban taron baffanni a ce an nemi yardarta.

Na uku, 'ya'ya su gabatar da wanda suke so da wuri, ta hanyar da al'ada ta sani, su kuma ba da damar a yi bincike. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma sau da yawa binciken iyaye kan tono abin da soyayya ta rufe: rashin sana'a, shaye-shaye, ko wani auren da aka ɓoye. Idan iyaye suka ƙi, ya dace su faɗi dalili. Dalilin da ya shafi hali ko addini abin saurare ne. Wanda ya tsaya kan ƙabila ko sana'ar kakanni kuwa, malamai na da abin faɗa a kansa.

Na huɗu, a yi gwajin jini kafin a kai kuɗin gaisuwa, ko auren na gida ne ko na waje. Iyalan da suka san matsayin 'ya'yansu tun suna makarantar sakandare sun huta da wannan fargaba.

Na biyar, a rubuta sharuɗɗan da aka amince da su, musamman na karatu da aiki, a gaban waliyyai da shaidu. Alkawarin baka da aka yi lokacin zumuɗin neman aure yakan zama abin musu bayan haihuwar fari.

Na shida, dangin biyu su zauna su yanke abin da za a iya ɗauka na lefe da kayan ɗaki da walima, gwargwadon ƙarfinsu. Abin da al'ada ta ƙirƙira, masu al'adar suna da ikon rage shi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke buƙatar Bafulatani ya bar pulaaku, ko Batangale ya bar gargajiyarsa. Munyal da ake nema daga 'ya, ana nemansa daga uba ma idan ta zo da wanda bai yi tsammani ba. Hakkiilo kuwa, a wannan zamani, ya haɗa da tambayar yarinya ta bakin wanda ba ta jin kunyarsa, da kuma zuwa asibiti a ga sakamakon gwaji kafin a sa rana.